Allurar da Ke Cikin Auduga

Da sunan Allah nake farawa, kuma ina gaishe da duk wanda ya daure ya karanta wannan rubutu. Sunana Tanimu, a Tudun Wada ta Zariya nake zaune. Bokona a aji uku ya tsaya, kuma ba ni na gaji ba, malamin ne ya gaji. Saboda haka in ka ga wani harafi ya hau kan ɗan'uwansa, ka yi haƙuri ka raba su. Na rubuta ne don masu irin aikina, kada abin da ya same ni ya same su.

Aikin da na tsufa a kansa shi ne wankin kayan aiki a wani asibitin haƙori inda ake koyar da ɗalibai. Ba zan faɗi sunansa ba, akwai mutanen kirki a ciki da ba su yi min komai ba. In ɗalibi ya gama cire haƙori ko cike shi, sai ya bar tire da filaya da almakashi da auduga mai jini, ni kuma in kwashe, in wanke, in zuba a tukunyar da ake dafa ƙarafa. Ɗalibai Baba Tire suke ce min. A unguwa kuwa, da yake da farar riga nake fita, Likita ake kirana, ni kuma ban taɓa gyara wa kowa ba. Na sha leƙa bakin maƙwabta in girgiza kai a hankali, in ce a same ni asibiti da safe.

Akwai abin da ya kamata ka sani tun yanzu, don a kansa labarin ya rataya. Mu masu wanki da shara ba ma'aikatan asibitin ba ne. Wani kamfani ne ya ɗauke mu, asibitin yake hayarmu daga hannunsa. Ƙa'idar kamfanin kuwa ita ce, in a bakin aiki ciwo ya same ka, kuma wani babba na sashen ya shaida, za a riƙe maka gurbinka har ka warke. In daga gida ka kwaso abinka, ka daɗe a kwance, sai a sa wani. Ni kuwa da aikin nan nake ciyar da gidana, ba gona, ba rumfa a kasuwa.

Babban da ke kula da ɗalibai a ɗakinmu shi ne Dokta Nasiru. Na san shi tun yana ɗalibi, siriri, takalminsa na shan ruwa. Su ɗaliban haƙori ba sa cin jarrabawa da takarda kaɗai, sai kowa ya kawo bakin mutum ya yi aiki a gaban malamai. Ranar jarrabawarsa ta ƙarshe, mutumin da ya kawo ya hango filaya, ya ce bari ya zaga ya dawo. Har yau yana zagawa. Na tarar da Nasiru a bayan ɗaki ya dafe kai. Na buɗe masa bakina na ce, "Akwai wani turmin haƙori a nan hagu da yake ɗan motsi." Tsakani da Allah ba wani motsin kirki yake ba, da zai ƙara shekaru yana tauna min tsire. Na hau kujera, ya cire, ya ci jarrabawa. Tun daga ranar, ko a gaban baƙi, "Babana" yake ce min.

Wata rana aka kawo allurar rigakafin ciwon hanta, aka ce ma'aikata da ɗalibai su fito. Ni na jera bencuna, ni na ɗauko kular da allurar ke ciki daga mota. Da aka fara, na bi layi, na naɗe hannun riga har kafaɗa. Da na iso gaba, nas ɗin ta dube ni ta ce, "Baba, wannan ta ma'aikata ce da ɗalibai. Ku 'yan kamfani, sai kamfaninku ya kawo taku."

Na ɓata fuska don a gani, amma a raina hamdala na yi. Ni da nake kwashe allura tun wasunsu ba su fara tafiya ba, tsoronta nake yi kamar kunama. Dokta Nasiru yana kusa, ya ji. Ya ce, "Babana, bar min wannan, zan yi magana." Na ce to, na warware hannun rigata. Shi bai yi maganar ba, ni ban tuna masa ba. Su ma ɗaliban, allurar sau uku ake yinta, amma da yawansu ta farko kawai suka karɓa. Wannan ya ce dantsensa ya yi tsami, wancan ya ce jarrabawa ta matso.

A ɗakin akwai kwali da aka tanada don jefa allurar da aka gama da ita, amma can ƙuryar ɗaki yake, kuma sau da yawa a cike. Sai ɗalibai suka saba, in suna sauri, su cusa allurar cikin audugar da ke tire, da niyyar in sun sallami majiyyaci su dawo su ɗauke. Mafi yawa suna dawowa.

Ranar da abin ya faru, da rana ne, Dokta ya ɗan fita zuwa wani ƙaramin asibitinsa na kansa a cikin gari, ya bar ɗalibai su kaɗai. Wata ɗaliba, Rukayya, yarinya mai ladabi da ke shekarar ƙarshe, ta cire wa wani mutum haƙori, ya zubar da jini da yawa. Ta raka shi waje tana yi masa bayani. Ni kuma na zo na damƙi audugar gaba ɗaya yadda na saba. Allurar ta huda safar hannu ta shige gindin babban yatsana. Abin da na faɗa a lokacin ba na rubutawa ba ne.

Rukayya ta dawo da gudu. "Baba, na shiga uku. Wallahi yanzu nake cewa in dawo in ɗauke."

Ana haka Dokta ya shigo. Na miƙa masa yatsan. Ya wanke min da sifirit, ya manna filasta da hannunsa. Ya dubi Rukayya, ya dube ni, ya yi murmushi.

"Babana, ai kai ƙarfe ne. Wannan ɗan tsinken me zai yi maka? Kada ka tayar da maganar, ka ga yarinyar nan jarrabawa ce a gabanta."

Da aka ce min ƙarfe, har tafiyata sai da ta canja. Na koma gida ina ɗaga yatsa mai filasta, ina gaya wa mutane aiki ne ya yi yawa a tiyata.

Aka yi wajen wata uku, har na manta. Sai kasala ta fara. Makon farko na ce zazzaɓin sauro ne, na sayi magani a kemis. Gaɓoɓina suka riƙa ciwo, abinci ya fita raina. In na bi ta gaban mai tsire sai zuciyata ta tashi, ni da a da ƙamshin kaɗai ke sa in tsaya gaisuwa. Mai ɗakina Hajara ta ajiye min tuwo da miyar kuka, na ture. Ta tsaya ta dube ni.

"Malam, tuwo ka ture? To wannan ba na kemis ba ne."

Mako na biyu fitsarina ya koma kamar shayi ba madara. Da safe ina alwala a tsakar gida, Hajara ta ce in ɗago in dubi haske. Ta ce farin idona ya zama kamar ƙwaiduwa. Kafin azahar labari ya kai Dutsen Abba, wurin yayata Abu, wadda ita ta goye ni, kuma har yau ba ta yarda na sauka ba. Ta iso da ƙullin saiwar rawaya da ganyen gwanda da rake.

Ta ja fatar idona ƙasa da yatsa, ta ce, "Ciwon shawara ne. Kuma ku ji da kyau, wannan ciwo ba ya son allura. Duk wanda ya kai min shi asibiti aka soka masa ƙarfe, shi ya kashe shi."

Hajara ta ce, "Yaya, ai a asibitin yake aiki."

"Wanke-wanke yake yi. Ni ma ina wanke-wanke, na zama likita?"

Nan asirin farar rigata ya tonu a gaban maƙwabtan da suka zo dubiya. Amma da na ji an ce ba allura, nan take na goyi bayan Yaya. Na ce ai magabata ba wawaye ba ne.

Mako na uku a hannun Yaya na yi shi. Ta hana mai, ta hana nama, ta hana gishiri. Safe da yamma kofin rawaya, da rana sirace a cikin bargo har in ga taurari, tsakani kuma rake, wanda nake tauna da gefe ɗaya. Ban ce ba ƙauna ba ce. Tsohuwar nan a ƙofar ɗakina take kwana. Amma amai ya ƙaru, gefen cikina na dama ya yi nauyi kamar an ajiye dutse, jikina ya riƙa ƙaiƙayi har na yayyage ƙafafuna. Ran nan na yi sallar la'asar, na tashi na sake, na kuma tashi zan sake. Hajara ta riƙe min riga. Na kira ta da sunan mahaifiyata da ta rasu tun ina saurayi.

Washegari Yaya ta fita neman ƙarin saiwa. Hajara ba ta yi magana da kowa ba, ta leƙa titi ta tsayar da mai keke napep, ita da shi suka ciccibe ni. Da ba ta saɓa wa Yaya a ranar ba, da wani ne zai ba da labarin nan.

A asibiti muka bi layin kati, muka bi layin gwajin jini, muka koma layin ganin likita. Na zauna a bencin da na yi shekaru ina wucewa ta gabansa da tire, ina ce wa mutane su matsa. Ashe bencin nan tauri gare shi. Aka kwantar da ni, aka sa min ƙarin ruwa. Allurar da nake gudu, sai da aka yi min ita har na daina juyar da kai.

Likitar hanta wata 'yar ƙaramar mace ce mai tabarau, ba ta da yawan dariya. Ta ce sunan cutar hefataitis bi, ta jini take shiga, kuma ta kumbura min hanta. Ta ce a dakatar da duk wani jiƙo, hantar ta gaji, kada a ƙara mata aiki. Sai ta shiga tambaya. An taɓa ƙara min jini? A'a. Ina zuwa wurin wanzami a yi min ƙaho? A'a. Ina neman mata?

Na ce, "Likita, don Allah ki sake dubana da kyau."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce ina nake aiki. Na gaya mata. Ta ce allura ta taɓa soka ta? Sai labarin audugar ya dawo min, na ba ta shi tun daga farko. Ta ajiye biro.

"Baba, me ya hana ka zuwa a ranar? Akwai allurar da ake yi wa wanda abin nan ya samu. In an yi da wuri, da wuya cutar ta kama mutum."

Na ce, "Ke kaɗai kika san wannan, ko kowane likita ya sani?"

Ta ce, "Ko ɗalibi ya sani."

Duk jinyar nan, ba abin da ya yi min ciwo kamar wannan amsa. Mutumin da ya riƙe yatsana ya manna filasta, ya san akwai ƙofar da zai tura ni, kuma ba ta fi tafiyar shan ruwa ba daga inda muke tsaye. Ya duba, ya ga in ya tura ni za a tambayi inda yake lokacin da ɗalibai ke aiki su kaɗai. Sai ya ce min ƙarfe.

Na yi makonni a kwance. Hajara ta shimfiɗa tabarma a gindin gado, ba ta koma gida ba sai don wanki. Aka gwada ta da yara, Allah ya tsare su, aka fara yi musu rigakafi. Tunkiyar da muke kiwo ta tafi wurin gwaje-gwaje, kekena ya bi ta. 'Yan'uwa suka riƙa zuwa dubiya suna tsayawa daga nesa. Wani ƙanena ya miƙo min hannu, ya tuna, ya mai da shi sosa ƙeya. Yaya Abu kuwa ta yi fushi na ɗan lokaci, sannan ta zo da kunu, ta zauna a bakin gado tana hararar ledar ƙarin ruwa. Da ta ji an ware min kofi a gida, ta ɗauki wanda na sha ta shanye ragowar a gaban kowa. Likitar ta ce ta kofi ko musafaha ba a ɗauka, Yaya ta ce ita ko ana ɗauka ma sai ta sha.

Nas-nas na ɗakin, Allah ya saka musu. Akwai wadda take juya ni da kanta in Hajara ta gaji. Ɗalibai ma sun zo sau ɗaya a ƙungiya, da lemo da ayaba, suna ta "Baba Tire, tire na kewarka." Rukayya tana cikinsu, amma a bakin ƙofa ta tsaya, ba ta iya haɗa ido da ni ba. Ban riƙe ta a zuciya ba. Yarinya ce, kuma babba ne ya ce ta yi shiru.

Dokta Nasiru bai zo ba. Kullum in an buɗe ƙofa sai in gyara hula. Hajara ta gane, ta ce, "Malam, ka bar hular nan ta huta."

Wanda ya zo shi ne wakilin kamfaninmu. Ya yi min sannu, sannan ya ce kwanciyar ta yi tsawo, za a yi zama a kaina in na tashi. In babba ya shaida a bakin aiki ne, gurbina na nan. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, Dokta Nasiru ɗana ne. Duk da abin da na ji daga likitar hanta, haka na faɗa, kuma har zuciyata. Na ce kuskure ne ya yi, yanzu da ya ga inda abin ya kai, zai gyara.

Da aka sallame ni, ƙafafuna suka ɗan yi ƙwari, na hau mota na je gidansa a Hanwa. Ya karɓe ni hannu biyu, ya zaunar da ni a kujera mai laushi, ya kira yaransa su gaida kakansu. Ya ce aiki ne ya sha kansa. Na gaya masa maganar zaman. Ya ce, "Haba Babana, wannan ma har sai ka taso? Ina nan zuwa." Na dawo gida na ce wa Hajara ta wanke farar rigar ta goge.

Ranar zaman, ga wakilin kamfani, ga shugabar nas-nas, ga Dokta, ga ni a cikin riga mai kari. Wakilin ya karanta abin da na ce, sannan ya juya ya tambayi Dokta ko haka ne.

Dokta ya dubi tebur. Ya ce, "Gaskiya ban tuna an kawo min magana irin wannan ba. Baba mutumin kirki ne, ba na cewa ƙarya yake. Amma kun san mutanenmu, ga wanzamai, ga masu yankan farce a titi. Cutar nan hanyoyinta da yawa."

Na ce, "Dokta, kai fa ka sa min filasta."

"Baba, mutum nawa nake sa wa filasta a shekara?"

Sai na miƙe na ɗaga babban yatsana, ina nuna wa kowa wurin. Ba komai a wurin. Allura ba ta barin tabo. Tsoho da furfura yana zagaya tebur yana nuna wa manya lafiyayyen yatsa. Na so in ce a kira Rukayya, sai na tuna yadda ta tsaya a bakin ƙofa, na haɗiye. Wakilin ya rufe takardunsa, ya ce sun gode da hidimar da na yi, amma an riga an sa wani.

Na fito ina bin bango. Ban yi nisa ba na ji takalmi a bayana. Dokta ne. Ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Babana, ka fahimce ni. In na ce na sani, za a tambaye ni ina nake, kuma me ya sa ban tura ka ba. Aikina zai iya tafiya, yarinyar ma ta shiga. Don girman Allah ka yafe min."

Na dube shi. Ya yi ƙiba, takalminsa na ƙyalli. Na ce, "Dokta, yanzu na tashi daga ciwo, an hana ni ɗaukar abu mai nauyi. Ka bari tukuna."

Bayan wasu watanni aka sake gwada jinina. Likitar hanta ta ce jikina ya kori cutar, ba ta zauna ba, kuma ba kowa ke samun haka ba. A ranar ne na fara ganin haƙoranta. Na gode wa Allah, na gode mata, na gode wa Hajara da ta saci mijinta ta kai asibiti. Yanzu ina taya wani maƙwabci tsaron shagonsa na kayan miya, abin da ya samu mu ci.

Kai mai shara, kai mai wanki, ke mai kwashe kwandon asibiti, da ku ɗalibai: ku nemi rigakafin nan, ku cika ta duka ukun, ko a ina ake yinta, ko an ce ba da ku aka kawo ba. Kada ka damƙi audugar da ba ka ga cikinta ba. In allura ta soke ka, kada ka tsaya sauraron yabo daga bakin kowa, ka tafi a ranar, ka faɗa da ƙarfi a gaban mutane. In ido ya yi rawaya, asibiti za a nufa, ko da yayarka ta fi tawa faɗa.

Maganata da Dokta kuwa tana nan. Limaminmu ya ce in yafe, Hajara ma ta ce in yafe don in huta. Na aika masa cewa zan yafe, amma ba a lungu ba, ba cikin raɗa ba. Ya tara mutanen nan da ya ce bai tuna ba a gabansu, ya ce ya tuna. Aikin ba na nema, wanda aka sa shi ma iyali gare shi. Kawai a san tsohon nan bai yi ƙarya ba.

Saƙon ya isa, an tabbatar min. Har yanzu ban ji sallamarsa ba.